Wai a mayar da dakon mai kan jirgin ƙasa? To a cikin wane irin tanki?

Tun bayan gobarar tankar mai ta Majiya a jihar Jigawa cikin Oktoban 2024, da wadda ta biyo bayanta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin mutane. Duk majalisar da ka zauna sai ka ji wani ya ce ai da jirgin ƙasa ke dakon man nan da duk wannan bai faru ba. Shekaranjiya ma a teburin mai shayin unguwarmu wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, ya sake maimaita ta har da buga tebur, kowa ya gyaɗa kai aka wuce wurin. Ni dai ban tanka ba, don ba na son musu da sa'an mahaifina a gaban yara, amma maganar ta tsaya min a rai har na dawo gida.

Ba ƙarya Baba ya faɗa ba fa. Ni ma ina cikin masu son a rage tankokin nan da ke kai-kawo a titunanmu. Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauki jirgin ƙasa kamar wata laya, wai da zarar an ɗora mai a kan layin dogo shi ke nan wuta ta yi mana sallama. Tarago ɗaya na mai irin na Amurka yana cin wajen lita dubu 110, wato ya zarce tanka uku irin masu lita 33,000 ɗin nan, kuma a kan jera guda 70, 80, wani lokaci har 100 a jirgi ɗaya. Ku lissafa da kanku, kayan tanka ɗari biyu zuwa ɗari uku ke nan suke tafiya a jere, direba ɗaya ko biyu, suna ratsa tsakiyar gari.

Matsayina a taƙaice: jirgin ƙasa, komai kyan layinsa, wata rana zai goce. Abin da zai raba tsakanin a ce "an yi haɗari" da a ce "gari ya ƙone" shi ne ƙarfin tankin da aka zuba man a ciki. Kuma ƙasashen da suka fi kowa sanin wannan, Amurka da Kanada, sun yi shekara da shekaru suna jan ƙafa wajen sauya tsofaffin tankunansu, har yanzu ma Amurka ba ta gama ba sai 2029. Ni a ganina wannan jan ƙafar ba ta da wani uzuri in ban da kuɗi, kuma duk mai son mu kwaikwayi jirginsu ya kamata ya fara sanin wannan labarin.

Daren Lac-Mégantic

Lac-Mégantic wani ɗan gari ne a lardin Quebec na Kanada, mutanensa ba su wuce dubu shida ba. Daren Juma'a 5 ga Yulin 2013 wani jirgi mai tarago 72 na ɗanyen mai, wanda aka lodo daga Dakota ta Arewa a Amurka za a kai matatar Irving da ke Saint John, ya tsaya kwana a wani ƙauye da ake kira Nantes, kimanin kilomita 11 daga garin, a kan tudu. Direba ɗaya ne tal a jirgin. Ya ɗaure birkin hannu guda bakwai, ya bar injin gaba a kunne don ya riƙe birkin iska, ya tafi masauki ya kwanta.

Can sai injin ya kama wuta. 'Yan kwana-kwana suka zo suka kashe wutar, suka kashe injin kamar yadda ƙa'ida ta ce. Da injin ya mutu sai iskar birki ta fara zurarewa a hankali, birkin hannu bakwai kuwa ba su isa riƙe wannan uban nauyi a gangare ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare jirgin ya fara gangarawa shi kaɗai, babu kowa a ciki, babu fitila, yana ƙara gudu yana ƙarawa, har ya shigo tsakiyar gari yana gudun kilomita 105 a awa, ya tarar da kwana. Tarago 63 suka goce, kusan dukkansu suka yage, ɗanyen mai wajen lita miliyan shida ya malalo yana ci da wuta, ya bi titi, ya bi kwalbati, ya shiga kogi. Mutum 47 suka mutu, da yawansu suna hira a wani wurin shaƙatawa da ke dab da layin. Biyar daga cikinsu ko ƙashinsu ba a samu ba.

Hukumar binciken haɗurra ta Kanada ta lissafo dalilai 18 da suka haɗu suka jawo wannan, daga sakacin kamfanin jirgin, zuwa raunin sa ido na gwamnati. A cikin dalilan akwai tankin kansa, samfurin da ake kira DOT-111.

Kuma ba a wannan daren aka gano rauninsa ba, nan ne abin ke ci min tuwo a ƙwarya. Tun 1991 hukumar NTSB ta Amurka, mai binciken haɗurran sufuri, ta fitar da nazari ta ce wannan tankin bai dace da kaya masu haɗari ba, yana saurin hujewa. A 2009 a Cherry Valley ta jihar Illinois ruwan sama ya wanke ƙarƙashin layi, jirgin itanol, man da ake yi da masara, ya goce, wuta ta tashi ta kashe wata mata da ke cikin mota tana jiran jirgi ya wuce a mahaɗa. Laifinta kawai ta tsaya kamar yadda doka ta ce. Hukumar ta sake nanata maganar tankin. Daga 1991 zuwa 2013 shekara 22 ke nan ana faɗa ana ji kamar ba a ji ba.

Shi tsohon tankin, kaurin jikinsa kimanin milimita 11 ne, galibinsu babu wata riga a waje, babu garkuwa a goshi da ƙeya inda ƙarfen haɗin tarago na baya kan soke shi idan an yi karo, bawul-bawul ɗin da ke samansa a tsirara suke, da ya mirgina sai su karye, famfon da ke ƙarƙashinsa kuma hannunsa kan buɗe da kansa idan ya ja ƙasa. Masu sukarsa a can har laƙabi suka yi masa, wai gwangwanin lemo mai taya. Asali ma tankin kowa-da-kowa ne, a zuba masa man girki yau, gobe ruwan sukarin masara. Sai ga haƙar mai ta ɓarke a yankin Bakken na Dakota ta Arewa, babu isasshen bututu, sai aka tattaro su aka riƙa ɗura musu ɗanyen mai mai saurin kamawa kamar fetur. A 2008 manyan kamfanonin jirgin Amurka lodin ɗanyen mai 9,500 suka ɗauka, a 2014 ya doshi 500,000. Kaya ya ninka sau hamsin, mazubi yana nan yadda yake.

Sabon samfurin, DOT-117, wanda Amurka da Kanada suka sanar tare ranar 1 ga Mayun 2015, jikinsa milimita 14 ne da 'yan kai. Ƙarin kimanin kaurin katin ATM huɗu ne idan ka haɗa su, amma ba shi kaɗai ba ne: an naɗe shi da bargon da ke tare zafi, an sa masa rigar ƙarfe a kai, an yi masa garkuwa mai rabin inci a gaba da baya tun daga sama har ƙasa, an rufe bawul ɗin sama da akwatin ƙarfe, an sake fasalin hannun famfon ƙasa. Bargon nan an ƙayyade sai ya jure minti 100 a cikin tafkin wuta. Minti ɗari kuwa shi ne lokacin da za a tashi mutane daga barci a kwashe su, a fitar da tsofaffi da marasa lafiya, kafin tankin da ke kusa da wanda ya fashe shi ma ya tashi sama.

"Ai ba tanki ba ne matsalar, layi ne da birki"

Wannan ita ce hujjar farko, kuma kamfanonin mai sun daɗe suna riƙe da ita. Suna cewa an bar jaki ana dukan taiki, a gyara layi, a gyara birki, a daina barin jirgi ba kowa, idan jirgi bai goce ba wane tanki ne zai fashe?

Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. A Mount Carbon ta West Virginia a Fabrairun 2015 ƙarfen layi ne ya karye. A Mosier ta Oregon a Yunin 2016 ƙusoshin da ke riƙe layi ne suka kakkarye. A East Palestine ta Ohio a 2023 boris ɗin taya ne ya yi zafi har ya ƙone. A Casselton ta Dakota ta Arewa kuwa, ƙarshen 2013, jirgin man ba shi da laifin komai, wani jirgin hatsi ne ya goce ya faɗo kan layinsa.

To amma ku dubi jerin nan da kyau. Layi, ƙusa, boris, ruwan sama, birkin hannu, jirgin wani. Kowane haɗari da nasa sanadin daban, ka toshe wannan ƙofar gobe ya ɓullo ta waccan, a kan layin dogo mai tsawon dubban ɗaruruwan kilomita da ke shan rana da ƙanƙara. Abu ɗaya ne kawai yake nan a dukkansu, tankin. Ɗan acaɓar da ya ce ba zai sa hular kwano ba sai gwamnati ta cike ramukan titi, ai ba gwamnati ya hukunta ba. A cike ramukan mana, wa ya hana? Amma yau da zai fita da safe ramin yana nan.

Kuma abin dariya ne ma yadda kowane ɓangare ya san gyaran da ya kamata ɗayan ya yi. Galibin taragun man nan ba mallakar kamfanonin jirgi ba ne, na kamfanonin haya ne irin su GATX da Union Tank Car da Trinity, ko na masu kayan da kansu. Kamfanin jirgi ja kawai yake yi, kuma doka ta tilasta masa ɗaukar kayan da aka kawo masa a tarago mai lasisi. Saboda haka masu jirgi sun fi kowa ɗaga murya a ƙara wa tanki kauri, tunda ba aljihunsu ba ne, masu mai kuma sun fi kowa ɗaga murya a gyara layi, tunda shi ma ba aljihunsu ba ne. Kamar gidan haya ne mai katanga ta tsage, mai gida ya ce ɗan haya ya gyara, ɗan haya ya ce ai ba gidan ubana ba ne, shi kuwa maƙwabcin da 'ya'yansa ke wasa a gindin katangar ba wanda ya tambaye shi.

Ga misali ma. A dokar Mayun 2015 da ta kawo DOT-117 an sa sharaɗin wani sabon birki mai aiki da lantarki, wanda ke kama dukkan taragu lokaci guda maimakon na iska da ke bi ɗaya bayan ɗaya daga gaba zuwa baya. Wannan kuɗinsa ya shafi masu jirgi, sai suka tashi haiƙan suka yaƙe shi, a 2018 gwamnati ta soke sharaɗin da hujjar kuɗin ya fi amfanin yawa. Su da ke cewa a ƙara wa tanki kauri fa.

"Sababbin ma ai suna fashewa"

Wannan ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san da ita ba. Akwai wani samfuri na tsakiya, CPC-1232, da masana'antar ta fito da shi da kanta a 2011, an ɗan ƙara masa kauri da rabin garkuwa. Shi ne ya fashe a Lynchburg ta Virginia a Afrilun 2014 ya zubar da mai mai ci da wuta a kogin James, shi ne a Mount Carbon, shi ne a Mosier. Shi kansa DOT-117 ɗin ya huje a Guernsey ta lardin Saskatchewan na Kanada a Fabrairun 2020. Ma'aunin da aka gindaya masa ma bai ɓoye komai ba, jure suka ne a gudun kimanin kilomita 19 a awa ta gefe, kilomita 29 ta goshi, alhali an yarje wa jiragen su yi gudun kilomita 80. A irin gudun da jirgin Lac-Mégantic ya shigo da shi, wallahi ko wane tanki ne sai wasu sun yage.

Amma me wannan ke nunawa? Ni abin da na gani shi ne gyaran rabi-da-rabi ɓarnar kuɗi ne. An kashe kuɗi an ƙera dubban CPC-1232, shekara huɗu kacal aka dawo aka ce su ma sai an sake su. Araha ba ta ado. Da tun farko aka yi mai gaba ɗaya da an huta.

Sannan ba a auna tanki da cewa ko dai ba ya fashewa sam ko kuma ba shi da amfani. Idan tarago 20 suka goce, bambancin 18 su huje da 4 su huje ba ƙaramin abu ba ne. Idan wuta ta tashi, bambancin na kusa ya fashe cikin minti 20 da ya jure awa ɗaya da rabi shi ne ran ɗan kwana-kwana da na matar da ke neman ɗanta a cikin hayaƙi. Mai sayar da ƙwai ya san kiret ba ya hana ƙwai fashewa idan keke ya faɗi, amma ba ka taɓa ganin ya zuba su a buhu ba.

Abin da ya faru a East Palestine shi ya ƙara tabbatar min. Ranar 3 ga Fabrairun 2023 jirgin kamfanin Norfolk Southern mai tarago kusan 150 ya goce, 38 suka faɗi. Abin da duniya ta gani a bidiyo shi ne baƙin hayaƙin nan da ya turnuƙe sama bayan kwana uku, lokacin da aka huda tankuna biyar na sinadarin vinyl chloride da gangan aka ƙone shi. Amma da NTSB ta kammala bincike a Yunin 2024 ta ce waɗannan biyar ɗin, da yake masu kauri ne na musamman, faɗuwar ba ta huda su ba, ƙona su ɗin ma bai zama dole ba. Wutar farko, a binciken hukumar, mafi rinjayen zato daga wani DOT-111 ta tashi, wanda ya huje ya zubar da wani ruwan sinadari mai kamawa. Wato shekara goma bayan Lac-Mégantic, shekara 32 bayan gargaɗin farko, wannan gwangwanin dai shi ne ya kunna ashanar. Kuma babu dokar da ya karya, don wa'adinsa na irin wannan kaya bai cika ba.

Nan ne wurin da ya fi ɓata min rai. Dokar da majalisar Amurka ta yi a ƙarshen 2015 ta rarraba wa'adi kashi-kashi: a fitar da tsohon tanki daga dakon ɗanyen mai a 2018, daga itanol a 2023, sauran ruwaye masu kamawa kuwa har zuwa 1 ga Mayun 2029. To me ake yi da tankin da aka kora daga ɗanyen mai? Ba a kai shi bola ba, sai a wanke shi a koma zuba masa wani kayan da wa'adinsa bai zo ba. An gudu ba a tsira ba. Sai ka ce wuta na duba takardar lodi kafin ta kama. Kanada ta hana shi ɗaukar ɗanyen mai tun Nuwamban 2016, ta kuma sa 2025 a matsayin ƙarshen zance ga dukkan ruwaye masu kamawa, a kan layukan da suke haɗe da na Amurka, da kamfanoni kusan iri ɗaya. Idan ta yiwu a Kanada me ya hana a Amurka? Bayan East Palestine sanatocin Ohio biyu na lokacin, Sherrod Brown da J.D. Vance, ɗaya Dimokurat ɗaya Rifablikan, sun kawo ƙudirin da a cikinsa har da matso da wa'adin kusa. Aka yi ta surutu, majalisar ta ƙare bai zama doka ba.

Maganar kuɗi

Sai a ce tsada. Eh da tsada, tarago abu ne da ake saya don ya yi shekara 40 ko 50 yana aiki, ka ce wa mai shi ya ajiye shi a rabin hanya ba abu ne mai daɗi ba, kuma masana'antun da ke ƙera sababbi da garejin da ke yi wa tsofaffi kwaskwarima ba su da yawa. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta dokar Mayun 2015 gaba ɗayanta za ta ci kusan dala biliyan biyu da rabi cikin shekara 20.

To a ajiye wannan a gefe guda. Haɗarin East Palestine shi kaɗai, wanda ba a ma rasa rai nan take ba, ya ci wa Norfolk Southern sama da dala biliyan ɗaya, ciki har da miliyan 600 na sasantawa da mutanen yankin. A Lac-Mégantic kuwa inshorar kamfanin jirgin dala miliyan 25 ce kacal, wata guda bayan gobarar ya ce ya karye, sharar gari da sake gina shi suka dawo kan gwamnati, wato kan masu biyan haraji, sai daga baya aka bi sauran kamfanonin da ke da hannu aka tatso diyya. A ƙarshe ma'aikata uku aka gurfanar, ciki har da direban, kotu ta wanke su a Janairun 2018.

Saboda haka kuɗin nan dole wani ya biya shi, ko a gareji kafin haɗari ko a maƙabarta bayansa. Idan an biya a gareji, mai kayan ne ya biya, ya ɗora 'yan kwabbai a kan kowace ganga. Idan an bari sai bayan haɗari, wanda bai taɓa cin ribar ko lita ɗaya ba shi ke biya. Ni ban ga ta inda na biyun ya fi adalci ba.

Ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasan Amurka tana yawan cewa sama da kashi 99.99 cikin ɗari na kaya masu haɗari suna isa lafiya. Na yarda. Mai jarkar fetur a ɗakin kwanansa shi ma zai ce maka shekara goma yana ajiyewa ba abin da ya faru.

Wasu kuma su ce a shimfiɗa bututu a huta. Ga ɗanyen mai hakan ya rage lodin jirgi sosai bayan da bututun Dakota Access ya fara aiki a 2017. Amma itanol ba ya son bututu, yana shan ruwa yana cin ƙarfe, su kuma sinadarai ɗaruruwa kowanne da masu sayensa a warwatse, ba za a ja wa kowa nasa bututun ba. Mu kuwa da muka san gobarar bututun mai ta garin Jesse na jihar Delta a 1998 ba sai an ba mu labarin bututu ba.

Mu dawo teburin mai shayi

Abin da ya sa na ɗauko wannan dogon labarin na wata ƙasa shi ne, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Ana gina layin Kaduna zuwa Kano, ana gina na Kano zuwa Maraɗi, kuma ko ba jima ko ba daɗe za a ce a ɗora musu mai, ni ma zan yi murna. Bayan Dikko hukuma ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga farkon Maris 2025, wanda ke nuna an fara gane cewa girman mazubi da ingancinsa suna cikin lissafi. Tarago ɗaya irin na Amurka ya kusa ninka wannan da aka hana.

Ku tuna kuma yadda layin dogo yake a garuruwanmu. A Kano, a Zariya, a Kaduna, a Minna, ta cikin gari tsohon layin ya ratsa, ko in ce gari ne ya zo ya rungume shi, masu tebur na baje kaya har kan ƙarfen, yara na tsallakawa zuwa makaranta, gidaje na jingine da shi. Mutanen Lac-Mégantic gudu suka yi daga wutar amma duk da haka 47 ba su tsira ba. Mu kuwa a Majiya da Dikko, da wadda ta faru kusa da filin jirgin saman Yamai a Mayun 2019, talauci ya sa mutane rugawa suka yi wajen man da bokiti da jarka. Tankin da ya faɗi bai zubar ba, ba wanda zai je kwasa. A wurinmu ke nan kaurin ƙarfen nan ya fi muhimmanci ma a kan wurinsu.

Kuma mun san halinmu da kayan gwanjo. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a kira 'yan jarida a yanka kirtani, ga taragu an shafa musu sabon fenti suna ƙyalli, a faɗi adadinsu da biliyoyin da aka kashe, ba wanda zai ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe kaurin jikinsu nawa ne, akwai garkuwa a goshi, idan ya mirgina bawul ɗin sama zai karye ko a rufe yake, minti nawa zai yi a cikin wuta, kuma a rubuce a wace takarda. Waɗannan tambayoyin ba sai injiniya ba, yanzu kai ma da ka karanta wannan za ka iya yin su.

Shi Baba na teburin shayi ya yi shekara talatin a reluwe, ya san ƙarar da taya ke yi idan boris ya fara ci, abin da ni a takarda kawai na sani. Gobe in Allah ya kai mu zan riga yaran zuwa, in saya masa shayinsa mai kauri da biredi, in tambaye shi a tsakaninmu ko a zamaninsu da ake jan tankunan mai zuwa Arewa akwai mai zuwa yana auna kaurinsu, da kuma birkin hannu nawa suke ɗaurewa idan jirgi zai kwana a kan tudu.